Mangwaro Arba'in da Takwas

Ku matso kusa, ga wata in ba ku, ku raba mini gardamarta.

Baba Ɗanjuma mai lambu ya raini dashen mangwaro a gwangwanaye. Wata safiya ya tara 'ya'yansa uku, Sallau da Tabawa da Ilu, ya ce, "Ku dasa mini su, yawan layuka daidai da yawan itatuwan kowane layi. Kada ku rage, kada ku ƙaro na waje. Ina so in gani da idona." Ba a yi sati ba ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Tabawa ce ke ba shi kunu, ta ga yadda yake ƙarewa, tsoro ya kama ta kada ya tafi bai gani ba.

Sallau, babbansu, ya ƙirga dashe, arba'in da takwas. Ya wuni yana jera tsakuwa: shida sau shida, sha biyu sun yi saura, bakwai sau bakwai, ana neman ɗaya. Ya ce bakwai ne babu makawa, sai dai gurbi ɗaya ya rasa mai shi. Maƙwabta, da ba a rasa su, suka fara cewa tsufa ya rikita lissafin Baba.

Maganar ta yi wa Tabawa ciwo, don mutumin nan ko kaza bai taɓa ƙirgawa ba daidai ba. Sai ta tuna, tun suna yara, in zai ƙirga itatuwa da tsohon mangwaron tsakiyar lambu yake farawa, wanda marigayiya innarsu ta dasa tana amarya. Ta ce, "Yaya, babu wanda ya ɓata. Na Inna ne cikon."

Ilu kuwa magini ne. Ya ɗauko igiya da turaku, ya auna daga gindin itacen Inna, uku gabas, uku yamma, uku kudu, uku arewa, ya cike sauran. Kwana biyu yana haƙa busasshiyar ƙasa har tafinsa ya fashe.

Aka kawo Baba a amalanke. Ya ɗaga yatsa, ya fara ƙirga da na Inna, hawaye na bin gemunsa. Da ya kai ƙarshe ya lalubo wuƙar da yake aurar da mangwaro da ita, wato haɗa reshen wani a jikin wani, ya miƙa. Hannun ya tsaya a tsakaninsu, bakin ya kasa kiran suna.

To, wuƙa dai ɗaya ce. A tafin wa za a sa ta?