Manhajar da Ta Yi Shiru a Gwandu

Akwai wani matashi a Kalgo da ake kira Lukuman, sana'arsa rubuta manhajar waya. Wadda ya fi ji da ita ta manoman fadama ce. Idan masunta suka ga gulbi ya fara cika sai su sanar, ita kuma ta yi ƙara a wayoyin manoma da muryar Hausa, su kwashe shinkafarsu tun ruwa bai iso ba.

Yana da aboki a Gwandu, Basharu, tare suka yi karatu. Shi kuma tasa manhajar tana tuna wa iyaye mata ranar kai jarirai rigakafi, kuma ta karɓu sosai a ƙauyukan Dalijan da Malisa.

Wata rana kamfanin da ke yin tsarin da wayoyi ke aiki da shi ya sanar cewa babban sabon tsari na nan tafe. Duk manhajar da ba a gyara ta dace da shi ba, za ta daina yin ƙara da zarar an rufe ta.

Lukuman ya ajiye duk kwalliyar da ya yi niyyar ƙara wa manhajarsa. Ya sauko da samfurin gwaji na sabon tsarin, ya raba aikin kashi-kashi, ya duƙufa.

Da ya ce wa Basharu shi ma ya shirya, Basharu kuwa dariya ya yi. A zauren WhatsApp na masu wannan sana'a ya rubuta: "Malam Lukuman ya shiga halwa saboda abin da bai zo ba. Mu dai muna nan muna ƙara wa tamu kyau."

Mutane suka yi ta dariya. Abin ya sosa wa Lukuman rai, don ba daga bare ya fito ba. Daga ranar ya daina kiran Basharu.

Gab da damina sabon tsarin ya sauka. Manhajar Lukuman ta ci gaba da aiki a wayarsa lafiya lau. Ta Basharu kuwa ta yi tsit a duk wayar da ta karɓi sabon tsarin. Ranar rigakafi ta zo, mata da dama ba su je ba, don sun saba sai waya ta tuna musu. Masu yabonsa jiya suka koma zaginsa.

Lukuman ya karanta wa matarsa Rumaisa saƙonnin zagin da ake yi wa Basharu, yana ɗan murmushi.

Ta dube shi ta ce, "Daɗi ka ji ke nan?"

"Ai na faɗa mishi, ya maishe ni abin dariya."

"Shi ya yi maka dariya. Jariran Malisa mi suka yi maka?"

Da safe Lukuman ya saka kwamfutarsa a jaka, ya hau mota zuwa Birnin Kebbi, daga can ya kama ta Gwandu.

Ya tarar da Basharu a shagonsa, idanu sun yi ja, waya na ta ruri ya ƙi ɗauka. Da ya ga Lukuman sai ya sunkuyar da kai.

"In dariya ka zo yi, yi abinka. Na cancanta."

"Matsa mini in zauna," in ji Lukuman. "Duk inda za ka yi tuntuɓe na riga na yi. Buɗe aikin mu gani."

Abin da ya ci wa Lukuman watanni, a 'yan kwanaki suka gama shi, domin hanyar a share take. Manhajar ta dawo da muryarta, ma'aikatan lafiya suka bi matan da aka tsallake aka yi wa yaransu allura.

Ranar da Lukuman zai koma Kalgo, Basharu ya jawo wani kwali cike da tsofaffin wayoyi, wasu fuska a tsage, wasu an ɗaure da roba. Irin waɗanda matan ƙauye ke riƙewa ne, da su yake gwaji.

"Kawo taka manhajar mu sa a nan, ko don in ga gwanintarka."

Suka sa. Lukuman ya tura gargaɗin gwaji. Shiru. Suka gwada ta biyu, ta uku, duk shiru.

Nan Lukuman ya gano kuskurensa. Garin gyara wa sababbin wayoyi ya toshe wa tsofaffi baki bai sani ba, kuma akasarin manomansa tsofaffin suke riƙe da su. Ga damina ta kankama.

Basharu bai yi ko murmushi ba. Ya ce, "Wanga ɓangare ni na san shi. Aje jakarka, ba inda za ka."

Suka gyara, suka gwada a kan kowace waya da ke cikin kwalin.

Da gulbi ya cika a wannan shekara, gargaɗi ya isa fadamar Kalgo a kan lokaci. Lukuman na tsaye a kan tudu yana kallon amalanken shanu na fitowa da buhunan shinkafa, sai wani dattijo ya tsaya kusa da shi ya ɗaga wata tsohuwar waya.

"An ce kai ka sa ma wagga aba magana?"

"Mu biyu ne, Baba."

"To ka gaya ma ɗan'uwan naka, abincin gidana na bana ya tsira. Allah Ya yi muku albarka."

Lukuman ya ce amin, ya ciro waya ya kira Gwandu, ya miƙa wa dattijon don ya faɗa da bakinsa.

Darasi: Ka shirya wa canji tun yana nesa, kada ka raina mai shiri. Idan kuma wanda ya yi maka dariya ya faɗi, ka miƙa masa hannu, domin wataƙila shi ne zai hango gibin da kai ba ka gani ba. Tura wa wani abokin da kuka daɗe ba ku gaisa ba.