Furen da Ya Maƙale a Gezar Doki

Tengkunmu, wato shehinmu na ƙasar Gayo, Allah Ya ƙara masa yarda, malami ne masanin Alƙur'ani da fiƙihu, mai tsantseni da zuhudu, wanda ya shekara ashirin da makancewa amma sahun farko bai taɓa wuce shi ba.

Wata safiya dokin wata mata, Inen Remas, ya dawo ƙauye shi kaɗai, alhali tun jiya ta hau dutse neman ganyen magani. Mijinta Aman Remas, manomin kofi, ya ga reshe mai jan fure maƙale a gezar dokin, ya fizge shi ya ruga masallaci, maza na biye.

"Na tudun gabas ne!" in ji ƙanenta Sabdin. "Can yake birjik!"

"Kai da ba ka bambance kofi da rogo?" in ji wani tsoho. "Yamma ma akwai shi."

Kowane tudu tafiyar rabin yini ne, kuma wanda ya kwana biyu a sanyin can ba a samunsa da rai. Aman Remas ya miƙa wa Tengku reshen.

Bawan Allah ya shafa bayan ganyen da babban yatsa, ya sansana, ya ce a natse, "Na gabas bayan ganyensa sumul yake. Wannan yana da ɓarɓashi kamar tsatsa, na yamma ne. Je ka, ɗana, ka bi inda furen ya fuskanta."

Suka hau, suna haki, har suka wuce gajimare. Allahu Akbar! Ga itatuwan nan gajeru cikin gansakuka, iska na kaɗawa gabas, amma kowane fure ya juya kudu. Aman Remas ya bi su da gudu, har bakin wani kwazazzabo. Matarsa tana ciki, ƙafa a karye.

"Sai yanzu, Aman Remas?" in ji ta. "Kofi ka tsaya sha? Tun hantsi Tengku ke zaune a nan yana ce min kuna tafe."

Shi kuwa Tengku, jama'a shaida ne, bai motsa daga masallaci ba.

Tsarki ya tabbata ga Mai bai wa bayinSa abin da Ya so. Allah Ka yayyafa mana albarkar wannan waliyyi, Ka tashe mu a ayarinsa, amin.