Awon Tabawa

A wata ƙasa da ake kira Gulbin Baure an taɓa yin wani sarki, sunansa Zakari, wanda Allah ya jarrabe shi da musibu biyu a shekara guda. Ta farko fari ne, har rumbuna suka zama wayam. Ta biyu kuwa rundunar da ya tura ƙetaren kogi ce ta hallaka ƙurmus, ba wanda ya san haka sai shi da wazirinsa Haladu. Don tsoron kada zukatan jama'a su karye, Sarki ya sa aka yi shela cewa mayaƙa suna lafiya, suna nan tafe. Waziri ya haɗiye wannan sirri, amma wallahi tun ranar abinci bai ƙara yi masa daɗi ba.

Aka buɗe rumbun fada ana rabon dawa, aka kafa doka cewa duk wanda ya yi awo fiye da yawan bakunan da ke gidansa, to, almubazzari ne, a yanke masa rabo. Yanke rabo a wannan shekara kuwa, ku da kanku kun sani, kabari ne.

Ana nan sai dogarai suka gurfanar da wata tsohuwa mai suna Tabawa, wadda ke zaune ita kaɗai amma kullum tuwon mutum biyu take tuƙawa, ko da za ta kwana biyu a jere ba ta ɗora tukunya ba saboda rabonta ya ƙare.

Sarki ya dubi Haladu ya ce, "Waziri, in na yafe mata doka ta rushe, in na hukunta ta na kashe ta. Fitar mana da hukuncin da babu zalunci a cikinsa."

Waziri ya sa aka kawo ƙwarya da dawa, ya ce, "Iya, auna mana yadda kike aunawa a gida."

Tsohuwa ta durƙusa, ta yi bisimilla, ta zuba tafi biyu ta ce, "Wannan nawa." Ta zuba tafi uku, ta ƙara ɗan tsakure a kai, ta ce, "Wannan na Nagoma, ɗana. Shi ba ya ƙoshi da uku cif, tun yana yaro. Ranka ya daɗe, Sarki ya ce suna nan tafe. Haba, in bar shi ya sha wannan tafiya ya iso ya tarar da tukunya a wanke?"

Waziri kuwa ya san inda Nagoma yake kwance. Ya san kuma maganar da zai yi tana iya cin rawaninsa, ko ma abin da ke ƙarƙashin rawanin. Duk da haka ya ce, "Allah ya ba ka nasara, baiwar Allah nan da maganarka ta yi awo. In mayaƙa suna tafe, awonta daidai ne, ba ta da laifi. In kuwa ta ɗara, to, sai ka gaya mata dalili da bakinka, kafin a hukunta ta."

Sarki ya dubi ƙwaryar nan har idanunsa suka ciko, ya sauko daga karaga, ya tsuguna gaban tsohuwa ya ce, "Iya, ki gafarta mini. Nagoma ba zai dawo ba. Babu wanda zai dawo."

Ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati a hankali, ta sa hannu cikin ƙwarya ta kwashe tafi uku ta mayar buhu, ta tsince ɗan tsakuren nan ma ta mayar. Ta ce, "Ga hatsinku."

Sarki ya wanke ta daga laifi, ya sa aka yi shelar gaskiya, ya cire alkyabbarsa ya yafa wa Haladu. Waziri ya yi godiya, amma bai ji daɗin komai ba, domin a hanyarsa ta komawa gida da yamma, kowane lungu kuka yake ji, kuma dakan mata ya gajarta a gari duka, tun da an daina daka rabon waɗanda ba za su dawo ba.

Ya ku masu hankali, mai mulkin da zai bincika awon talaka, wajibi ne ya fara bincika abin da shi ya gaya wa talakan, domin da shi ake ɗora tukunya.