Tabarau da Awon Idon Wani

Baba, Fasto Irimiya ya ce in riƙe ajinka na makarantar Lahadi kafin a sami wanda ya fi ni. Na ce masa ni a aji uku na tsaya a sakandare. Ya ce kai ma ba da takarda ka koyar da su shekara ashirin da biyu ba. Sai na karɓa. Kai kullum da misali kake farawa, ni kuwa misali ɗaya ne tak a bakina. Shi ne na zauna gindin ɗorawar gonarmu da yammacin nan ina rubuta shi a bayan littafinka na sunayen 'yan aji. In rubutun ya karkace, ka san hannuna. Ga abin da zan karanta musu gobe.

Akwai wani mutum manomi, yana da gonar dawa ɗaya, da rumbu ɗaya, da 'ya'ya biyu. Babbar tana aure a birni, autan kuwa yana gida suna noma tare. Mutumin nan shi ne mai karanta Maganar Allah a majami'ar ƙauyensu. Da shekaru suka tura, sai ya fara gani dishi-dishi.

Yana da aboki tun na ƙuruciya, benci ɗaya suke zama. Abokin yana da tabarau na karatu wanda likita ya auna masa a birni. Kowace Lahadi in lokacin karatu ya yi, sai manomin ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Tsoho, ara mini idanunka."

"Kai dai kullum aro. Ranar tashin matattu ma sai ka ari ƙafar da za ka tashi da ita."

"In taka ce ba na so. Ko bakin kabari ba za ta fitar da ni ba."

Sai ya ɗora tabarau a hanci, ya miƙe, ya buɗe Littafi, ya karanta tiryan-tiryan ba gargada. Autan yana benci na baya yana kallo.

Ana nan sai 'yar da ke birni ta aiko wa ƙanenta kuɗi, ta ce a kai Baba asibitin ido a auna shi, a yi masa nasa na kansa, aron ya isa haka. Asibitin kuwa da nisa, mota biyu ake shiga, sai an kwana. Ga damina ta ƙarato, gonar ta gaji, ba su da ko mudu ɗaya na takin zamani.

Autan ya duba wayarsa, ya ga wani shago da ke sayar da tabarau ta intanet, kuɗinsa bai kai rabin na asibiti ba. Abin da suke nema kawai lambobin da likita yake rubutawa a takardar awo. Ya ce a ransa, "Ai Baba da na abokinsa yake karatu ba tuntuɓe. Sa'o'in juna ne, ido kuma ido ne. In na yi haka, ga tabarau, ga taki."

Ran Lahadi da aka tashi sujada, dattawa suna gaisawa a waje, ya tarar da gidan tabarau na abokin a kan benci, da takardar likita a ninke a ciki. Ya ɗauki hotonta, ya mayar yadda take. Ya tura wa masu shagon lambobin.

Don kada uban ya tambayi zancen tafiya asibiti, sai ya tsayar da shi a tsakar gida inda rana take, ya ɗaga waya saitin fuskarsa.

"Baba, buɗe ido sosai ka dubi nan."

Tsohon ya gyara hula, ya zare ido kamar wanda za a yi wa katin zaɓe. Wayar ta yi ƙyas.

"Shi ke nan, an auna?"

"An auna, Baba. Yanzu waya ke yi."

"To. Zamani riga ne. Ka hutar da ni shiga mota."

Bayan kwana tara direban motar kasuwa ya kawo ɗan ƙunshi daga tasha. Tabarau ne mai kyau, mai baƙin kewaye, har da ɗan ƙyallen gogewa. Manomin ya sa. Ya kai hannu ya dafa bango.

"Yaya, Baba?"

"Ina gani tangaran, Auta. Har furfurar uwarka ina iya ƙirgawa."

Matar tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Gama da taka tukuna."

Abokinsa sai zai yi karatu yake sa nasa. Shi kuwa manomin bai ƙara cirewa ba. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa gaisuwa, duk wanda ya tanka sai ya ce, "Autana ne ya auna mini." Autan ya lura uban ya fara ɗaga ƙafa sama in zai tsallake dokin ƙofa, kamar mai ratsa rafi. Ya ga rannan ya kai hannu zai ɗauki moɗa, hannun ya wuce ta gefenta. Ya gani da idonsa, ya kau da kai, domin ya riga ya biya kuɗin taki da ragowar.

Ruwan shuka ya sauka. Mutumin nan yana da al'ada ɗaya: ba ya yarda kowa ya zaɓar masa iri. Shi da kansa yake hawa rumbu ya duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Da safen nan autan ya tafi kasuwa ɗauko takin. Uban ya jingina tsani, irin na icce guda mai sara-sara.

Matar ta ce, "Maigida, cire abin nan kafin ka hau."

Ya ce, "In cire abin da ɗana ya auna mini? To da me zan gane iri na kirki?"

Ya hau lafiya, ya zaɓi irinsa. Da zai sauko, ga ƙaramin dami a kafaɗa, ya sa ƙafa inda ya ga matakin yake, ashe ba a nan yake ba. Kansa ya bugi dutsen da rumbun ke zaune a kai. Autan ya dawo da buhu biyu a bayan babur, ya tarar da mutane cike da gidan.

Garin nan da aka ƙi kai shi da ƙafarsa, can aka kai shi a kwance, mota biyu. Kwana uku ya yi. Sau ɗaya ya buɗe ido, ya laluba fuskarsa, ya tambayi matarsa, "Bai fashe ba ko?" Ta ce bai fashe ba. Ya ce, "Madalla. A adana shi, yaron ya sha wahala kafin ya samo." Daga nan bai sake magana ba.

A zaman makoki abokin nan yana ba da labaransa, yana dariya yana share ido da bakin riga. Ya ce, "Bari yau in tona masa asiri, tunda ba zai iya rama ba. Mutumin nan bai taɓa ganin baƙi ɗaya da tabarau ɗina ba. Ya sha ce mini, 'Naka ɗin nan juya mini ƙasa yake kamar na sha burkutu.' Karatun duk a kansa yake. Aro yake don kada dattawan majami'a su ce idonsa ya tafi su karɓe masa karatu." Mutane suka yi dariya, wasu suka ce Allah sarki.

Autan ya tashi a hankali ya shiga ɗakin uban. Ya ɗauki tabarau ya sa, ya dubi ƙafafunsa. Ƙasa ta kumburo ta taso masa, bakin ƙofa ya narke. Ya yi ƙoƙarin taku uku, bai iya ba sai da ya dafa bango, daidai inda uban ya dafa. Wata ɗaya da kwana huɗu tsohon ya yi yana tafiya a cikin wannan duniyar, yana cewa yana gani tangaran.

Nan misalin ya ƙare. Ga ma'anarsa, iyakar abin da na gane.

Kada kowa ya zagi masu shagon. Abin da aka tambaye su shi suka aiko, lamba bisa lamba. Neman sauƙi kuma ba zunubi ba ne, duk wanda ya taɓa duban gonar da ba taki ya san haka. Da yaron ya kai ubansa an auna shi, ya dawo da takardarsa ta kansa ya saya ta waya, da babu misalin da zan ba ku yau.

Laifin yana cikin kalma biyu: "An auna." Ya faɗa alhali ba a auna ba. Ya ɗauki awon wani ya ɗora wa ubansa, don ya ga kamar duk tsufa ɗaya ne. Haka muke yi wa juna a gidajenmu. Muna duban abin da ya yi wa maƙwabci daidai, mu ce wannan ma zai ishi namu, don zama a tambayi mutum ainihin inda ke masa ciwo yana cin lokaci, yana cin kuɗin mota. Allah da ya yi mu bai yi ido biyu iri ɗaya ba, ko a fuska ɗaya. Shi ba ya auna kowa da awon wani.

Uban ma ya faɗi tasa: "Ina gani." Ƙauna ce ta sa shi, ba ya so ɗansa ya ji kunya. Yaron ya rufe gaskiya don ya hutar da uban, uban ya rufe gaskiya don ya faranta wa yaron, kowa yana tsammani alheri yake yi, tsani kuwa bai san da wannan ba. Saboda haka, 'yan'uwa, in babba a gidanku ya ce lafiya lau, ku dubi yadda yake ɗaga ƙafa. In kun gani, kada ku kau da kai. Ku kuma iyayenmu da ke zaune a baya, in abin da muka kawo muku bai yi ba, ku faɗa mana. Kunyar yini ɗaya za mu iya ɗauka.

Saura abu ɗaya. An koya mana cewa wanda ya furta laifinsa yana samun gafara, na kuma gaskata. Amma misalin bai faɗi ko yaron ya furta ba. In wani a cikinku ya tambaye ni, zan ce masa ban sani ba tukuna, mu yi masa addu'a.

Iyakar abin da zan karanta ke nan, Baba. Na san wasu za su gane rumbun da tsanin, za su ce yaro yana makokin ubansa ne ya ƙara gishiri don darasi ya zauna. Baba Habila, abokinka mai tabarau, wanda zai iya gane sauran, ba ya shiga ajinmu. Yaya Rifkatu can birni har yau tana gode mini a waya, wai na sa ka ga duniya sarai kafin ka bar ta. Inna ta ɗora tabarau ɗin a kan Littafinka, kowace safiya sai ta goge shi da ɗan ƙyallen nan, ko da ba ƙura.

Irin da ka sauko da shi na tsince shi a gindin rumbu, shi na shuka. Na zuba takin, don ban san abin da zan yi da shi ba in ban zuba ba. Dawar ta fi tsayina yanzu, kore shar, ta fara fitar da kai. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce bai taɓa ganin gonarmu ta yi kyau haka ba. In iska ta ratsa ta, sai in ji kamar kana buɗe shafi.

Hoton nan na fuskarka yana cikin wayata, ka gyara hula, ka buɗe ido sosai kana dubana. Kai kaɗai na faɗa wa cewa ba awo ba ne. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.