Dalilin da Ya Sa Randa Take Zufa

Yaya Marka, yaran ajinki sun tare ni a hanyar kasuwa. Sun ce ranar da ciwo ya kwantar da ke, kin jera musu tsumma da soso da leda da dutse a kan tebur, kin ɗiga wa kowanne ruwa, kin ce gobe za ki gaya musu dalilin da wani ya sha, wani ya ƙi. Goben ba ta zo miki ba. Karatuna bai kai naki ba, amma ba zan bar su da tambaya a baki ba. Ga abin da na shirya musu.

Dalilin da ya sa randa take zufa alhali tana zaune ba aikin fari ba na baƙi, yara, ya faro ne tun zamanin da kayan gida ba sa shan ruwa. A lokacin, in ka zuba wa auduga ruwa sai ya mirgine ya wuce abinsa. Soso ma haka.

A wani gari na maginan tukwane akwai wata budurwa, Tasalla, da yayarta Kuluwa. Suna hannun gwaggonsu Hakama, wadda ta fi kowa iya gini. Al'adar garin, da an fito da randa daga wuta, tun da zafinta ake yayyafa mata makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, sai ta yi baƙi tana sheƙi, ko ɗigo ba ya ratsa ta. Wannan shi ne abin alfaharinsu. Sai dai ruwan cikinta, in bazara ta yi, kamar yanzu aka sauke shi daga murhu.

Wata bazara zazzaɓi ya kama Kuluwa. Kwana uku, duk ruwan da aka kai mata baki sai ta kau da kai.

"Da ɗumi," take cewa. "Tasalla, samo mini mai sanyi, ko kurɓi ɗaya ne."

Leɓɓanta suka tsattsage. Mai magani ya duba ta da safe, ya ce in rana ta faɗi ba ta sha ba, sai dai haƙuri.

Tasalla ta ɗaura ɗankwali ta nufi rijiya. Rijiyar da nisa, kafin a iso gida rana ta dafa ruwan. Ta jawo guga ta dube shi.

"Kai Ruwa, a ƙasa kana da sanyi, a gida ka koma romo. Me muka yi maka?"

"Ku tambayi kanku," in ji Ruwa. "Kun kulle ni a ɗaki ba taga. Ke in an yi miki haka ba za ki ɗauki zafi ba? Samo mini wanda zai bar ni in shiga jikinsa, in leƙo waje in sha iska."

Ta fara da ganyen gwaza na bakin rijiya, ta ɗiga masa ruwa ta roƙe shi ya sha.

"Ni? Da wannan kwalliyar tawa?" Ya girgiza kafaɗa, ruwan ya gangare kamar dutsen ado. Ta roƙi dutse, ko amsa sallama bai yi ba. Ƙwarya ta ce ita riƙewa ta sani, ba sha ba.

A gida ta tarar da auduga a kwando.

"Ni ba ni da ƙashi, ba ni da ƙarfi," in ji auduga, "amma zuba mu gani." Tasalla ta zuba, auduga ta shanye tas, ta yi nauyi. "Wayyo bayana! Haka ruwa yake?"

Tasalla ta ɗora ta a goshin Kuluwa. Goshi ya ɗan huce, maƙogwaro yana nan a bushe. Ga rana ta kusa tsakiya.

Ran nan kuwa ranar gashi ce. Gwaggo Hakama tana bayan gida tana fito da randuna daga toka tana yayyafa musu makuba. Ta ƙarshe, wata 'yar ja, ta yi wa Tasalla raɗa.

"Jikina duk 'yan ƙofofi ne, ido ba ya ganinsu. Makuba ke toshe su. In kin hana a shafa mini, zan bar Ruwa ya shiga. Amma ki sani, duk ruwan da aka zuba mini sai na sha rabona."

"Ki sha," in ji Tasalla. Ta sa tsumma ta ja ta gefe.

"Ke! Ina za ki da ita tsirara?" in ji Gwaggo. "Randa ba makuba? So kike matan gari su ce na tsufa?"

"Gwaggo, bar mini wannan ɗaya."

"Uwarki ma haka take da kafiya, Allah Ya jiƙan ta."

Da randa ta huce, Tasalla ta kai ta inuwar zaure inda iska ke ratsawa, ta juye mata tulu guda. Randa ta yi tsuuu, tana sha kamar raƙumin da ya dawo daga fatauci. Kan a jima ruwa ya ragu, bayanta ya jiƙe sharkaf.

Gwaggo ta zo da taɓarya. "Ba ga shi ba! Yoyo take. Matsa in fasa ta tun wani bai gani ba."

Tasalla ta durƙusa ta rungume randar. "Sai dai ki fara da ni."

"'Yar nan, yayarki tana can tana mutuwa, ke kina nan kina renon kasko!"

Tasalla ta ƙara ƙanƙame randar. Sai da Gwaggo ta jingine taɓarya sannan Tasalla ta ɗauki tulu ta koma rijiya a guje, ƙasa tana ƙona mata tafin ƙafa. Ta dawo ta ƙara. Randa ta sha kaɗan. Ta sake komawa. A karo na uku randa ta ƙoshi, sai zufa kawai take, iska tana lasa.

Da la'asar sakaliya Tasalla ta tsoma moɗa. Sanyin ya kama mata yatsu har ta kusa saki. Ta shiga ɗaki, ta tallafi kan Kuluwa. Kuluwa ta fara kau da kai kamar kullum, sai bakin moɗa ya taɓa leɓenta. Ta tsaya. Ta kurɓa. Ta kama moɗar da hannu biyu ta shanye.

"Ƙaro," ta ce.

Gwaggo tana bakin ƙofa. Ta goge ido da gefen zane, ta ce, "To, tsayuwar me kike? An ce ki ƙaro."

Kuluwa ta tashi, ta yi shekaru, har ta ga jikoki.

Shi ya sa har yau ba a yi wa randar ruwan sha makuba, kuma in an cika ta da safe sai a ga ta ragu, don tana shan rabonta. Auduga da ta amsa, duk abin da aka saƙa da ita yana shan ruwa. Soso ya ga an yabe ta, ya bi sahu. Ganyen gwaza da dutse kuwa suna nan kan bakansu, leda da ta zo daga baya ta shiga layinsu. In kuna musu, ku ɗiga wa kowanne ku gani.

Yaya, ban gaya wa kowa wannan labarin ba tukuna.