Ƙwayayen Kurciya da Alkawarin Sarki Gauraka

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A cikin wani daji akwai wata tsohuwar tsamiya a bakin tabki. Saboda girmanta tsuntsaye suka mai da ita gari. Manyan tsuntsaye suna rassan sama, ƙanana suna rassan ƙasa. Sarkinsu Gauraka ne, sheƙarsa tana can ƙololuwa. Limaminsu kuwa Zalɓe ne. Shi ke raɗa suna, shi ke ɗaura aure, in an yi faɗa shi ke sasantawa.

Gauraka ba mugu ba ne, ku ji ni da kyau. Yana son jama'arsa. Sai dai tun da aka naɗa shi bai taɓa saukowa rassan ƙasa ba. Abin da makusantansa suka gaya masa, shi ne labarin gari a wurinsa.

Ana nan ana nan, sai Shirwa ta gano tsamiyar. Da yake daga sama take zuwa, 'ya'yan manya take fara tararwa. Ta zo ta sure ɗan Hankaka. Bayan kwana biyu ta dawo ta sure ɗan Balbela. Ta sake dawowa ta sure jikan Waziri Ungulu. Sai rassan sama suka ruɗe da kuka, Sarki ya rasa abin da zai yi.

To, a gindin tsamiyar akwai wani rami, cikinsa akwai Kumurci, baƙin maciji mai daɗin baki. Ya ji duk abin da ake ciki. Bai fara zuwa wurin Sarki ba, sai ya nufi tabki inda Liman ke tsaye cikin ruwa tun safe bai kama ko tarwaɗa ɗaya ba.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, mai karatu irinka bai kamata ya wuni a tsaye saboda abinci ba. Bari in taimaka."

Sai ya sulale cikin ruwa, ya koro kifaye har gaban ƙafafun Liman. Liman ya ci ya ƙoshi, ya sa masa albarka. Kashegari haka. Wanshekare ma haka.

A rana ta huɗu Kumurci ya hau har fada, ya kwantar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji abin da ya same ku. Shirwa tana tsorona. In na riƙa shan hantsi a reshen sama, ba za ta ƙara kusantar tsamiyar nan ba."

Sarki ya ce, "Me za mu ba ka?"

Ya ce, "Abu kaɗan. Ƙwai ɗaya duk kwana bakwai."

Sarki ya tara Waziri da sauran manya, suka ce a karɓa. Ba wanda aka aika rassan ƙasa. Sai Sarki ya juya ya ce, "Liman, ya halatta?"

Liman ya dubi Kumurci, Kumurci ya sunkuyar da kai kamar mai kunya. Liman ya yi gyaran murya ya ce, "Ƙwai dai bai zama ɗa ba tukuna. In an rasa ƙwai aka tsirar da 'ya'ya, ina ganin babu laifi."

Aka shafa fatiha, aka watse.

Kumurci ya cika alkawari, Shirwa ta daina zuwa. Da kwana bakwai suka cika sai ya fito karɓar rabonsa. Ba a faɗi ƙwan wa zai ɗauka ba, shi kuwa ba zai wahalar da kansa ba. Reshen da ya fi kusa da raminsa na wata Kurciya ne, wadda mijinta ya rasu da bazara ya bar ta da ƙwai biyu. Ya miƙa kai ya haɗiye ɗaya.

Kurciya ta tafi tabki tana kuka, ta ce, "Allah gafarta Malam, Kumurci ya ci ƙwaina."

Liman yana cikin haɗiyar kifi, ya ce, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Don lafiyar gari aka yi."

Ta ce, "To," ta koma.

Kwana bakwai suka zagayo, Kumurci ya haɗiye na biyun. Ta sake zuwa ta ce, "Malam, ya ci ɗayan ma. Sheƙata ta zama wayam."

Ya ce, "Ki ƙara haƙuri. Mai haƙuri yana da lada."

Ta ce, "To," ta koma.

Daga nan Kumurci ya shiga bin maƙwabtanta, yau gidan Benu, wani mako gidan Kanari. Kurciya kuwa ƙanwarta ta rasu ta bar ƙwai guda, sai ta ɗauko shi ta kwanta a kai kamar nata. Ta yi ta ɗumama shi har ya kusa ƙyanƙyashewa. Ran nan Kumurci ya wuce ta gefenta, ya leƙa sheƙar, ya ce mata gobe yana tafe.

Sai ta je wurin Liman karo na uku. Wannan karon ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Malam, ban zo neman haƙuri ba, wanda ka ba ni bai ƙare ba. Abu ɗaya nake roƙo. Gobe da hantsi ka zo ka zauna kusa da ni, ka yi mini addu'a lokacin da zai ɗauka."

Liman ya rasa hanyar ƙi, ya ce zai zo.

Kashegari ya sauka a reshen Kurciya. Shekararsa nawa yana limanci, ran nan ya fara ganin sheƙarta, 'yan tsinkaye ne kawai aka jera. Ƙwan yana ciki, har ya tsage ta gefe, ana jin ɗan yana ƙwanƙwasawa a hankali.

Sai ga Kumurci ya hawo. Da ya ga Liman sai ya yi murmushi ya ce, "A'a, Malam, yau kai ne a nan? Ina fata kifin jiya ya yi daɗi."

Ya buɗe baki ya haɗiye ƙwan, ya sauka abinsa.

Kurciya ta ce, "Malam, addu'ar fa?"

Liman ya buɗe baki, ko harafi ɗaya bai fito ba. Ya daɗe a wurin kansa a ƙasa. Da ya tashi sai ya nufi tabki. Kumurci ya koro masa kifi kamar kullum, ya ɗauke kai ya taka zuwa can ɗaya gefen. Ya wuni a tsaye, bai kama komai ba, ya koma gida da yunwa.

Da safe ya hau fada. Ya jira har fadawa suka tashi, ya rage daga shi sai Sarki, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, alkawarin da muka yi da Kumurci zalunci ne."

Sarki ya ɓata rai ya ce, "Liman, kai fa ka ce ya halatta."

Ya ce, "Ni na ce, kuma laifina ya fi naka. Kai ka tambaya don ka sani, ni kuwa na ba ka amsa da kifin Kumurci a cikina." Ya kwashe labari duka ya faɗa masa, bai rage komai ba.

Sarki ya ce, "Amma Waziri kullum yana ce mini gari lafiya."

Liman ya ce, "Sama lafiya, ranka ya daɗe. Ka sauka ka ga ƙasa da idonka."

Sarki ya leƙa rassan ƙasa. Can sai ya miƙe, bai kira kowa ba, ya bi bayan Liman suna sauka reshe reshe. Da suka iso ƙasa ba wanda ya yi masa kirari. Ƙananan tsuntsaye suka gaishe shi gaisuwar dole, kowa ya kawar da kai. Ya ga sheƙa babu ƙwai, ya ga wata, ya ga wata, har ya daina dubawa.

Ya zauna a kan wani kututture ya ce, "Ban zo yin magana ba, na zo ji ne. Kowa ya faɗi abin da ke ransa, ba abin da zai same shi."

 Sai wani tsohon Kanari ya matso ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ita Shirwar da aka sayar da ƙwanmu saboda ita, mu mun san maganinta. A ƙayar da muka taso, mai tsaro muke sawa. In mai tsaro ya hango ta sai ya yi kuwwa, mu tashi gaba ɗaya mu rufe ta da sara ta ko'ina. Ba ta iya tsayawa."

Sarki ya ce, "Me ya hana ku faɗa tuntuni?"

Kanari ya ce, "Ba a tambaye mu ba."

Sarki ya juya wurin Liman ya ce, "Alkawarin fa? Na ba da baki a gaban jama'a. Sarki ba ya saɓa magana."

Liman ya ce, "Wanda ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, bai yi kyauta ba. Ka warware shi, amma a fili, gaba da gaba, ba ta bayan fage ba."

Sarki ya koma gida ya ce wa matarsa zai mai da sheƙarsa reshen ƙasa, kusa da ta Kurciya. Ita kuwa tana gab da yin ƙwai.

Ta ce, "A bakin ramin maciji? Maigida, ka yi tunani."

Ya ce, "Na yi. A can na ajiye 'ya'yan mutane ina barci a sama. Ban tilasta miki ba, amma ni can zan zauna."

Ta yi fushi kwana ɗaya. A na biyu ta kwaso tsinkayenta ta biyo shi. A na uku ta yi ƙwai biyu a sabuwar sheƙar.

Ranar Kumurci ta zo. Da hantsi ya hawo, sai ya tarar da Sarki tsaye a gaban sheƙa, Liman a damansa, ƙananan tsuntsaye sun cika rassa sun yi tsit.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, yau naka zan ɗauka ke nan? Ni duk ɗaya ne a wurina."

Sarki ya ce, "Ba nawa ba, ba na kowa ba. Na yi maka alkawari da abin da ban mallaka ba, yau na warware shi a gaban shaidu. Ba ma bukatar gadinka. In kana jin an cuce ka, ga ni nan, ni na yi magana da kai."

Kumurci ya juya wurin Liman ya ce, "Malam, kai ma da kai? Bayan duk alherin da na yi maka?"

Liman ya ce, "Na ci, kuma ina neman gafarar Allah a kan abin da na ci."

Sai Kumurci ya fasa kai, ya tsarto dafi. Sarki bai kauce ba, domin in ya kauce dafin a kan matarsa da ƙwai zai sauka. Dafin ya same shi a kumatu, wurin ya yi ja wur nan take. Sai Kanari ya yi kuwwa. Ƙananan tsuntsaye suka zubo kamar ruwan sama, wannan ya sari ido, wannan ya sari wutsiya, Liman ya kai masa sara da dogon bakinsa a tsakiyar baya. Kumurci ya faɗo ƙasa tim, ya shige ciyawa, bai ko waiwayi raminsa ba. Har yau in kun duba fuskar gauraka za ku ga jan nan.

Bayan kwana biyu Shirwa ta ji labarin Kumurci ya tafi, sai ta dawo. Mai tsaro ya yi kuwwa, manya da ƙanana suka tashi tare, suka raka ta har bayan tabki tana zubar da gashi.

Ranar Juma'a, bayan an idar da salla, Liman ya miƙe ya faɗi laifinsa da bakinsa, ya ce in jama'a sun ga dama su naɗa wani. Aka yi ta shawara, wasu suka ce ya sauka, wasu suka ce ya zauna. Daga ƙarshe aka bar shi, da sharaɗin ba zai ƙara karɓar komai daga hannun mai neman hukunci ba.

Sannan Sarki, kumatunsa a kumbure, ya taka har gaban Kurciya, ya durƙusa ya ce, "Baiwar Allah, na cuce ki. Ki yafe mini."

Kurciya ta dube shi. Sai ta ce, "Na yafe maka, ranka ya daɗe. 'Ya'yana dai ba za su dawo ba. Amma in matarka za ta fita neman abinci, ta kira ni in kwanta mata a kan ƙwan. Na saba, kuma ba ni da abin yi."

Hawaye suka zubo wa Sarki. Haka kuwa aka yi, Kurciya ta riƙa tayawa har 'ya'yan suka ƙyanƙyashe, suka taso suna kiranta Inna.

To kun ji. Duk wanda Allah ya ba shugabanci, kada ya yanke magana a kan mutanen da bai je ya gani ba, kuma in wahala ta zo ya tsaya a inda za ta fara samunsa. Malami kuwa ya kula da hannun da ke ciyar da shi, don ranar da za a tambaye shi gaskiya bakinsa ya iya buɗewa. In kuma sun yi kuskure, su faɗa da kansu, kamar yadda waɗannan biyun suka yi.

Ƙurunƙus! Nan ta tsaya, wanda ya ji ya kai wa wanda bai zo ba.