Kwalba Ta Bakwai

An yi wata farfesa mai binciken ciwon dajin hanta, mace mai ilimi da kamun kai, sai dai ba ta yarda a ce ta yi kuskure, balle a ce ba ta da lafiya. Tun rasuwar maigidanta ita kaɗai take zaune, ko abincin rana a ofis take ci, ƙofa a rufe.

Bincikenta a kan wasu ƙananan ƙunsoshi ne da ƙwayoyin cutar ke saki cikin jini, ɗauke da saƙo zuwa sauran sassan jiki. Burinta a riƙa gano cutar ta wurinsu tun ba ta yi ƙarfi ba. Bisa al'adar ɗakin binciken, ma'aikata kan ba da jininsu a matsayin na masu lafiya, a kwatanta da na majinyata. Ita ma ta bayar.

Wata safiya dattijon da ke kula da na'urar gwajin jinin ya tsaya a bakin ƙofarta da takarda a hannu.

"Ranki ya daɗe, kwalba ta bakwai ba ta yi kama da ta mai lafiya ba."

"Ta wace ce?"

"Taki ce."

"Malam, tabarau ne ya tsufa ko mai shi? Ka cakuɗa kwalabe."

"Sau uku na maimaita. Na san gwajin bai kai a dogara da shi ba tukuna, amma hoton hanta minti goma ne, nan ƙasan bene."

"In kwanta a gaban ɗalibaina, gobe in zama abin magana? Cire ta daga jerin."

Ya cire, ita kuma ta sa aka mayar da shi wani sashe. Daga ranar ba wanda ya ƙara gaya mata abin da ba ta son ji.

Bayan wata goma sha huɗu ta rame, idanunta suka yi rawaya. Ta tafi wani asibiti mai nisa inda ba a san ta ba. Likita ya daɗe yana duban hoton hantarta.

"Hajiya, da bara kika zo, da tiyata ta wadatar. Yanzu ciwon dajin ya bazu. Wa ya rako ki?"

Ta waiwaya ta dubi kujerar da ke gefenta. Jakarta ce kawai a kai.

Darasi a nan shi ne, zuwa gwaji ba ya zubar da mutuncin kowa, kuma ilimi ba ya amfanar wanda ya ƙi aiki da shi a kan kansa. Wanda ya gaya maka gaskiya mai ɗaci, riƙe shi kusa, komai ƙanƙantar matsayinsa.